Yunwar Dare Da Rana Ake Haɗa Ta



A wannan makon ni aka ba shafin lafiya. Da farko na so in yi rubutu a kan zazzaɓin cizon sauro, sai shugaban kulob ya ce an liƙa shi a bangon nan sau uku, har sauron ma ya haddace. Shi ne na tuna da wani littafi mai shafi 40 da nake rubutu a cikinsa tun hutun da ya wuce. Ba littafin makaranta ba ne, littafin abincin kawuna ne. Na nemi izininsa, ya ce in rubuta, amma da sharaɗi biyu: kada in faɗi sunansa, kuma kada in kuskura in sa kilonsa a bango, in ba haka ba na daina zama gaban mota.

Kawu direba ne, yana ɗaukar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Tun safe har yamma a zaune yake. Shekarun nan tumbinsa ya fito sosai, kuma a tasha ba wanda ya taɓa ce masa wannan matsala ce. Cewa ake yi, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Kun san dai a wurinmu in mutum ya yi teɓa sai a ce kuɗi sun zauna.

Sai ya fara ciwon kai da jiri. Ya je asibiti aka auna shi, likita ya ce jininsa ya hau, sukarinsa ma ya kusa kai inda ake kiransa ciwo, don haka lalle ya rage ƙiba. Wannan magana ta tayar da hankalin gidanmu, saboda kakanmu, wato mahaifinsu Inna da Kawu, ya yi shekaru a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi ma da hawan jini ya fara. Kawu kuwa 'ya'yansa uku, babbar tana aji biyu na firamare.

Dabarar da ta ƙi aiki

Kawu ya yanke wa kansa hukunci. Ya ce daga ranar ba karin kumallo, ba abincin rana, ruwa da goro sun ishe shi har magariba. Ya yi wata guda cur a haka. Da ya hau sikeli a shagon magani sai ya ga ya ƙaru. Ya ce sikelin ya lalace. Ya je wani shagon, nan ma haka.

Ya zo wurin Inna ransa a ɓace, ya ce, "Yaya, ni ko iska na shaƙa ƙiba take sa ni." Inna ba ta yi musu da shi ba. Ta kira ni ta ce tunda hutu ake yi, in riƙa bin Kawu da dare ina rubuta duk abin da ya kai bakinsa, da lokacin da ya ci. Ga abin da na rubuta a daren farko:

Bayan magariba, tuwon shinkafa malmala uku da miyar kuka da man shanu. Ƙarfe 9 a majalisa, tsire da kwalbar lemo babba. Ƙarfe 10 da rabi wurin mai shayi, Indomie biyu da ƙwai uku, shayi mai kauri da burodi. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, matarsa ce ta gaya mini da safe, wai wajen ƙarfe 12 ta ji motsin murfin kwano.

Da na karanta masa sai ya ce, "Kai, ni na ci wannan duka?" Ba wasa yake yi ba. Da gaske bai sani ba. Abin da yake tunawa kawai shi ne wahalar yunwar da ya sha da rana.

Lissafin kalori

A darasin kimiyya an koya mana cewa abinci makamashi ne, kamar fetur a mota, kuma ana auna shi da kalori. Babban namiji yana buƙatar wajen kalori 2,500 a rana, mace wajen 2,000, ya danganta da aikin mutum da girman jikinsa. Manomin da ya wuni a fadama yana dashen shinkafa ya fi mai zama a mota buƙata. Abin da jiki bai ƙone ba sai ya adana shi ya zama kitse. Bambancin jiki da mota ke nan. Tankin mota in ya cika zuba yake yi, shi jiki ƙara tanki yake yi.

Giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne. Giram ɗaya na furotin, irin na wake da kifi da ƙwai, shi ma 4. Amma giram ɗaya na mai kalori 9 ne, ya ninka har da ɗori. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa wajen kalori 120 ne. Yanzu ku ɗauki biro mu lissafa abin da Kawu ya ci wurin mai shayi. Ƙaramar ledar taliya ɗaya ta haura 300, biyu sun haura 600. Ƙwai uku sun haura 200. Man suya, a ce cokali biyu, 240. Mun wuce 1,000 ke nan, ba mu taɓa shayi da burodi ba, ba mu sa tuwo ba, ba mu sa tsire ba. Babban mutum in ya yi tafiyar sauri ta rabin awa, abin da zai ƙone bai wuce wajen 150 ba. Laifin ba na mai shayi ba ne, abin da aka ce ya dafa shi ya dafa.

Lemon kwalba kuma ya fi ba ni mamaki. Ku duba takardar da ke jikin roba. Da yawa daga cikinsu suna da sukari wajen giram 10 a kowace mililita 100. Robar mililita 500 ke nan wajen giram 50. Ƙaramin cokalin shayi giram 4 yake ɗauka, wato cokali 12 da ɗoriya a roba ɗaya. Wa zai iya zuba cokali 12 a kofin shayi a gaban mahaifiyarsa? A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, in ma da hali ya tsaya wajen cokali 6. Gwamnatin Nijeriya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021. Zoɓo da kunun aya da muke saya a bakin get ba su tsira ba in an cika musu sukari.

Me ya sa sai da dare?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Kawu mutum ne mai haƙuri, yana iya wuni bai ci ba. To me ke karya shi da dare? Na tambayi malamin kimiyyarmu, ya ara mini wani littafi, ya kuma yi mini bayani.

Akwai wasu sinadarai biyu da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ɗaya sunansa girelin, ciki ne ke fitar da shi in ya zama wayam, saƙonsa shi ne "a kawo abinci". Masana a Japan ne suka gano shi a 1999. Ɗayan sunansa leftin, kitsen jiki ne ke fitar da shi, yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. An gano shi a Amurka a 1994. In mutum ya wuni bai ci ba, kafin dare yunwa ta taru ta yi masa yawa, ga gajiya. Mai gajiya da yunwa ba ya neman zogale. Abu mai maiƙo da zaƙi yake nema, kuma da sauri. Ashe Kawu bashi yake ci da rana, dare ya zo ya biya har da riba.

Na biyu barci. A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago suka sa wasu samari barcin awa 4 kawai na dare biyu. Da aka auna jininsu sai aka ga girelin ya hau, leftin ya sauka, kuma suka ce sun fi jin yunwa, musamman ta kayan zaƙi da sitaci. Kawu ƙarfe 12 yake kwanciya, ya tashi da asuba. Goro da shayin dare ma suna hana barci. To ga yadda abin ke zagayawa: ya ci da yawa da dare, ya kasa barci mai kyau, ya tashi cikinsa a cushe ba ya son karin kumallo, ya wuni da yunwa, dare ya yi ya sake.

Na uku sauri. Saƙon ƙoshi yana ɗaukar wajen minti 20 kafin ƙwaƙwalwa ta ji shi sosai. Na duba agogo, Kawu yana gama malmala uku cikin minti 8. Kafin ciki ya ce ya isa, an riga an wanke hannu.

Wani zai ce, to abincin dare ya fi na rana sa ƙiba ne? Malam ya ce babban abin shi ne jimillar abin da aka ci, tuwo ba ya canja hali don rana ta faɗi. Sai dai jiki yana da agogonsa na ciki, har a 2017 aka ba masana uku kyautar Nobel a kan binciken wannan agogo, kuma jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe fiye da cikin dare. Sannan kwanciya da cikakken ciki tana kawo ƙwarnafi. Shi ya sa ake so a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya.

Akwai kuma mutanen da nasu ya wuce hali ya zama ciwo, suna farkawa tsakar dare ba sa iya komawa barci sai sun ci. Wani likita ɗan Amurka mai suna Albert Stunkard ya yi bayaninsa tun 1955. Irin wannan likita ake kai shi, ba dariya ake yi masa ba.

Yunwa iri-iri ce

Wannan ba daga littafi na samo shi ba, daga Inna ne. Ta ce akwai yunwar ciki, akwai ta ido, akwai ta zama. Yunwar ciki a hankali take zuwa, kuma ko ɗumame aka ba ka za ka ci. Ta ido ita ce ka ga mai tsire yana juya nama ƙamshi ya doke ka. Ta zama ita ce wadda ke kama mutum don kawai yana zaune, ko a majalisa, ko a gidan kallon ƙwallo, ko yana latsa waya. Ta ce hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka tambayi kanka, in gaya aka ba ni ba miya, zan ci? In amsar a'a ce, to ba cikinka ke kira ba.

Na gwada a kaina. Ashe ni ma ƙuli-ƙulin da nake ci lokacin karatun dare ba don yunwa ba ne, don lissafi ya ƙi fita ne.

Abin da aka canja

Kawu ya koma asibiti da littafina a hannu. Ma'aikaciyar jinya ta karanta, ta ce masa, "Malam, ba daina ci aka ce ka yi ba, gyara ci aka ce." Daga nan aka sake tsari, kuma abin mamaki, abincin da aka fara da shi ƙari ne ba ragi ba.

Aka dawo da karin kumallo: koko ba sukari da yawa, da ƙosai kaɗan ko alale ko dafaffen ƙwai. Da rana matarsa tana zuba masa wake da 'yar shinkafa a kula ya tafi da shi, ko ya ci ɗanwake a tasha, ya ce a rage mai. Wake yana riƙe ciki, domin yana da furotin da harza. Da la'asar gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, ko yalo, ko yankan kankana. A mako na farko da ya yi haka, ya zauna gaban tuwon dare ya ci malmala biyu ya ture kwano da kansa. Ba wanda ya ce masa ya tsaya.

Shinkafa ba a hana shi ba. Wa zai hana Bakabe shinkafa? Jihar da ake sarrafa ta a manyan injina a Birnin Kebbi da Argungu, har a 2016 aka yi haɗin gwiwa da Legas ana kai musu. Abin da aka ce shi ne tuwo ya ragu, miya da ganye su ƙaru. Rabin faranti ya zama zogale ko rama ko alayyafo ko kuɓewa. Kuma kowa da kwanonsa, domin in ana ci tare a babban tire mutum ba ya sanin iyakar abin da ya ci.

Kifi kuma ya maye gurbin tsire a yawancin darare. Nan kam mun yi sa'a. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, mutane suna zuwa daga ƙasashe don su ga an fito da giwan ruwa daga Matan Fada, amma mu sai mu ɗauki kifin mu nutsar da shi cikin mai. Farfesun tarwaɗa ko gasasshen ƙarfasa ba su da wannan man suyar. An kuma ce a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba.

Majalisa ce ta fi wuya. Abokansa suka ce, "Alhaji, ko karayar arziki ce?" Ya ji ciwon wannan magana ƙwarai, har ya yi dare biyu bai fita ba. Daga baya ya samo dabara. Yana goge baki da asuwaki bayan isha'i, ya ce ya rufe shago. Yana barin kuɗinsa a gida. Yana tafiya da ƙafa maimakon babur. In an matsa masa sai ya ɗauki yanka ɗaya don kada a ce ya raina, ya sha shayi ba sukari. Ƙarfe 10 ya dawo ya kwanta. Ragowar tuwo kuma yanzu a madafi ake rufe shi, ba a ɗaki ba, don mutum ba zai so ya fita tsakar gida cikin sanyi ya buɗe ƙofa mai ƙara ba.

Ba kullum yake cin nasara ba. A littafina akwai daren bikin ƙanin abokinsa, na rubuta shafi guda cike. Washegari ya so ya rama da wuni ba ci, Inna ta hana shi. Ta ce wannan ramuwar ita ce ta kai shi inda yake. Ya karya kumallo kamar kullum ya ci gaba.

Wannan ya tuna mini da azumi. Akwai masu fitowa daga Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi, domin daga shan ruwa har sahur baki bai huta ba, ga soye-soye. Alhali a Islamiyya an koya mana a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi kowa da rabonsa.

Gare mu ɗalibai

A nan ina so a karanta a hankali. Duk abin da na faɗa na rage ƙiba na babban mutum ne wanda likita ya auna. Manya suna da lissafinsu: a raba kilon mutum da tsawonsa na mita sau kansa. Misali mai kilo 90 da tsawon mita 1.7, sai a ce 1.7 sau 1.7 ya ba da 2.89, a raba 90 da shi a samu 31. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce. Wannan misali ne kawai, ba kilon Kawu ba ne, na rantse. Amma mu 'yan shekara 12 zuwa 15 ba a yanke mana hukunci da waɗannan lambobi, muna da namu jadawalin a asibiti domin girma muke yi.

Kuma gaskiya a ajinmu masu zuwa ba su karya ba sun fi masu ƙiba yawa nesa ba kusa ba. Wasu babu ne a gida. Wasu kuma, na sani, suna ƙin ci ne don an tsokane su an kira su buhun shinkafa. Mun taɓa ganin wanda jiri ya ɗiba a wurin taron safe. Mai girma yana buƙatar abinci, yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, da motsa jiki na awa ɗaya a rana, ko ƙwallo ko langa ko ɗiban ruwa. In nauyinka yana damunka, ka gaya wa iyayenka su kai ka a auna, kada ka yi irin dabarar Kawu ta farko. Shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya, da ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, duka biyun kada a sha ba da izinin likita ba. Masu tsokana kuma, ku sani shafin barkwanci yana wancan gefen bango, ba a jikin ɗan uwanku yake ba.

Yanzu wata huɗu ke nan. Kawu yana shan maganinsa na hawan jini, bai daina ba, domin an gaya masa ko ya rame kada ya daina sai likita ya ce. Ya ƙara huda ɗaya a bel ɗinsa, ta wajen ciki. Tumbin yana nan, ya dai ja baya kaɗan daga sitiyari. Ranar Asabar na raka shi Argungu, muka tsaya ya sayi kifi, mai kifin ta ce, "A soya, Alhaji?" Ya yi shiru yana kallon kaskon. Ya juyo ya dube ni, ya ga littafin a aljihuna.

Ya ce, "Zuba shi ɗanye, Hajiya. Ina tare da ɗan jarida."